Fitilun Roshan da Hannun Bakur

Kun ce yanzu da inji ake yi. Na ji ku, ba sai kun rage murya ba. Wai a zana a kwamfuta, a tura wa inji, kafin shayi ya huce ya huda tagulla ya fito da fanus. To, ku je ku sa injin ya yi muku fitilar da za a rataya a tagar gidan da ya girmi kakanku, mai gidan ya ɗaga kai ya rantse cewa ta mahaifiyarsa ce. Ran da ya yi, ku dawo in ba ku gudumata kyauta. Kafin nan ku matsa daga bakin ƙofa, kun tare mini haske.

Daga Damagaram na zo a 1976, da niyyar in yi hajji in koma. Hajjin na yi, komawar ce har yau ba ta yiwu ba. Mamman Sani ne sunana, amma mutanen Jidda ba su da lokacin suna biyu, Sani kawai suke cewa. A gida mu maƙeran farfaru ne, zobe da munduwa da butar tagulla. Saboda haka da wani ɗan garinmu ya kai ni Balad, tsohon garin Jidda, shagon wani Bayamane da ake kira Ammi Ƙasim, ban ji baƙunta ba. Warin dalma iri ɗaya ne ko'ina. Ammi Ƙasim yana aikin kwano da tagulla iri-iri, amma abin da aka san shi da shi fanus ne, fitilar tagulla mai gilashi masu launi da ake ratayawa a roshan. Roshan kuwa, tunda ku ba kwa taka Balad sai in za ku ɗauki hoto, ita ce tagar katako mai ƙananan ƙofofi da ke turowa daga jikin tsofaffin gidaje, mata su zauna a ciki su ga titi, titi bai gan su ba.

Aikin farko da ya ba ni wata fanus ce mai kusurwa shida ta gidan wasu 'yan kasuwa. A da biyu ne, ɗaya ta faɗo daga bene ta lotse. Ya ajiye mai lafiyar a gabana, ya jera mini almakashin kwano, da ƙaramar guduma, da magagari, da ƙarfen liƙi, da kurfi, wato ƙarfen da ake huda zane da shi. Ya ce, "Yalla, yi mata ƙanwa." Na duƙufa. Na auna, na yanka, na huda, na goge har tana ɗaukar ido. Na kawo masa ina jiran yabo. Ya ɗora ta kusa da tsohuwar, ya ja da baya ya dube su, ya ce, "Wannan ai jikarta ce, ya Sani. Ƙanwa na ce."

Duk sana'ar tana cikin wannan maganar. Yin sabuwar fitila ba wuya. Yin sabuwar da za ta zauna kusa da tsohuwa ba a gane ta ba, shi ne aiki. Tagullar dauri ta fi kauri, sai ka nemi irinta. Gilashin dauri yana da ƴan kumfa a ciki, kuma jansa ya fi duhu, ba a sayar da shi a kanti. Duk inda muka ji an rushe tsohon gida, sai in tafi da buhu in yi ta tono cikin ɓaraguzai ina tsintar fasassun gilashi. Launin tsufa kuwa da ruwan khal mai tsami da gishiri muke yin sa, a shafa, a binne fitilar cikin garin katako, a bar iskar teku ta ƙarasa. Sai maganar wuta. A lokacin mutane sun daina zuba mai, ƙwan lantarki suke so a ciki, amma kada a ga waya. Gidajen Balad katako ne busasshe, tartsatsi ɗaya ya ishe su. Ga Jidda da wuta iri biyu, mai ƙarfi da mara ƙarfi, wani lokaci a ɗaki ɗaya. Wannan ɓangaren ni na ƙware a kansa, har Ammi Ƙasim ya bar mini shi gaba ɗaya. Fitilar da na sa wa waya ba ta taɓa ƙona ko labule ba.

Ina cikin shekarata ta uku Bakur ya zo. Abubakar ne sunansa, amma haihuwar Jidda ne, su kuwa haka suke gajarta shi. Kakanninsa da ƙafa suka taso daga ƙasar Kano, suka ratsa Sudan, suka ƙetare teku. In ya fara magana da Hausa, kafin ya kai ƙarshe ya zame cikin Larabci. Yana da takardar ɗan ƙasa, ni kuwa iƙama ce a aljihuna, wato takardar zaman baƙo, da kafili a kaina, ɗan ƙasar da ya tsaya mini. Ba ya zuwa da wuri. In ya zo sai ya ci wake da gurasa tukuna, ya yi gardamar ƙwallo da mai shagon kusa, sannan ya tuna an ɗauke shi aiki. Ni na nuna masa yadda ake riƙe kurfi. Ni na wasa masa na farko da ya yi aiki da su. Ku riƙe wannan, don ba za ku ji shi a bakin kowa a Balad ba. Kada kuma ku ce hassada ce. Gyara nake yi wa labari.

Wata Bajamushiya ce ta fara raba mu. Mijinta injiniya ne a aikin tashar jiragen ruwa, suna zaune a irin unguwannin Turawa masu katanga. Ta zo da direbanta ɗan Sudan yana yi mata tafinta, da wani abu a naɗe cikin tawul. Da ta buɗe, sai ga wata aba ta baƙin ƙarfe a lanƙwashe kamar rabin wata, da wuraren kyandir a jere a samanta, a ƙarƙashi an huda bishiyoyi masu tsini da ɗan ƙaramin gida. Ta ce a garinsu a taga ake ajiye ta lokacin Kirsimeti, ta kakarta ce. Tana da 'ya'ya mata biyu, kowacce ta ce ita za ta gada. Tana son a yi mata ta biyu, wadda ko ita kanta ba za ta bambance ba, a kuma sa wa dukkansu ƙananan ƙwai masu kama da harshen kyandir.

Kun san ba a baje kayan Kirsimeti a kasuwar Jidda. Ammi Ƙasim ya juya abin, ya duba gaba da baya, ya ga bishiya ce da gida, babu gunki babu gicciye. Ya ce, "Fitila ce. Mu fitila muke yi. Amma a bayan labule za a yi ta." Sannan ya ce ni da Bakur kowa ya yi ɗaya, a ga wadda za ta fi.

Ni na auna kowane reshe na kowace bishiya. Bakur kuwa, kafin matar ta fita, ya tare direban ya ce, "Tambaye ta, in kakarta za ta ɗauko ta daga kan kabad, ina take kamawa?" Matar ta yi mamaki, ta nuna gefen dama, kusa da gindi. Ya ce, "Tambaye ta, wane gefe ke kallon gilashin taga?" Ta nuna. Na yi dariya a raina, na ce wannan yaro surutu ya zo yi.

Ran da ta dawo, aka jera guda uku a kan tebur a bayan labule, aka kunna. Ta nuna tawa nan take, ta ce wa direban wani abu tana murmushi. Ya ce, "Ta ce kyakkyawa ce ƙwarai, sabuwa ful." Sai ta tsaya gaban sauran biyun. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki waccan. Gefen dama na ta Bakur ya yi santsi yana ɗan ƙyalli, kamar hannu ya shekara hamsin yana kama shi. Bayanta ya dusashe kamar abin da ya sha raɓar gilashi. Har ɗigon kakin kyandir ya bari a lungun da tsumma ba ya kaiwa. Matar ta sa hannu ta rufe baki, hawaye ya zubo mata. Daga ƙarshe sai da Bakur ya nuna mata wadda take tata. Aka naɗe biyun cikin buhun shinkafa aka kai mota. Tawa kuwa Ammi Ƙasim ya rataye ta a kan ƙusa a bayan shago, ya ce kada a yar, ƙarfen zai yi amfani.

Daga wannan shekarar, duk ƙarshen shekarar Turawa sai motocinsu sun zo, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta kawo tauraron tagulla na uwarta, wancan ya kawo hoton fitilar gidansu ya ce a yi irinta. Jamusawa, Girkawa, Kiristocin Labanan, daga baya har ma'aikatan jinya 'yan Filifin. Kowa da ya shigo, kalma ɗaya ya iya: Bakur. Wayar da ke cikin kowace ɗaya ni na sa, na ɓoye ta cikin bututun da bai kai tsinken tsintsiya kauri ba. Su dai Bakur.

Mummunar shekara ita ce shekarar da Iraƙi ta shiga Kuwait. Aka wayi gari an ce Yamanawa su nemi kafili kamar kowa ko su tafi. Hanyar kudu ta cika da motoci ɗauke da katifu da firiji da akwatuna. Ammi Ƙasim tun yana saurayi yake Jidda, ya ce shi da furfurarsa ba zai je ya roƙi wani ya zama maigidansa ba. Ya haɗa kaya. Shago dole a sa shi da sunan ɗan ƙasa, saboda haka ya zama na Bakur. Wannan ban yi magana ba, doka ce. Amma akwai wata jakar fata da yake naɗe kurfinsa a ciki, waɗanda ya gada daga ubansa a San'a, ba ya bari kowa ya taɓa. Ranar tafiya, muna tsaye mu biyu, ya ɗauko ta ya sa a hannun Bakur. Ni kuma ya miƙo mini ƙarfen liƙi da abin gwada wuta, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ne ba za ka ƙona wa mutane gida ba, ya Sani." Na yi godiya. Me zan ce? Na riga Bakur zuwa, na riga shi buɗe shago kullum, ni na wanke wa tsohon nan ƙafa lokacin da dalma ta zubo masa. Ƙarfen liƙi. Akwai irinsa a kowane kanti a unguwar Sharafiyya.

Bakur ya ce, "Yaya Sani, khalas, shagon namu ne, ka zauna." Na zauna na 'yan watanni. Amma mutum zai shigo ya same ni zaune a kan kujerar Ammi Ƙasim, da guduma a hannuna, ya dube ni ya ce, "Ina mu'allim?" Mu'allim ɗin kuwa yana can yana gardamar ƙwallo. Ana dab da fara yaƙi na kwashe kayana.

Ban zaɓi lokaci mai kyau ba. Turawa sun kwashe iyalansu saboda yaƙi, masu tsofaffin gidaje ba wanda ke tunanin fitila, kowa tef yake saye yana liƙe tagogi don tsoron iskar guba. Na koma liƙin tankin ruwa da gyaran risho, ina yawo da jaka gida-gida kamar sabon zuwa. Na kwashe iyalina daga Sharafiyya muka koma unguwar Mahjar, ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida, ku da kuka taso a can kun san yadda iskar wajen take. Hannun da ya saba da zanen tagulla ya koma yin mazurari. Sai da ƙura ta lafa kafilina ya yarda ya buɗe mini wannan shagon na Bagdadiyya da kuke zaune a ciki.

A nan na yi aikin da ba na jin kunyar kowa ya gani. Akwai fanus goma sha biyu da na yi wa wani gidan cin abinci a bakin teku, akwai babbar da ke zauren wani masallaci a Sharafiyya. Amma ku ji yadda masu saye suke shigowa. "Assalamu alaikum. Mun je wajen Bakur ya ce sai bayan Idi, shi ya sa muka zo." Ko kuma, "Za ka iya yi mana irin ta Bakur?" Wani ma da fitilar Bakur ɗin ya zo a hannu, wai in kwafa. Na kwafa. Ya dawo ya karɓa, ya juya ta, ya ce, "Ba laifi." Shi kuma Bakur, duk fitilar da ya gama sai ya aiko mini in sa mata waya, don bai taɓa koyon aikin wuta ba, tsoronta yake ji. Ina karɓa. Kafin in sa wayar nakan ajiye ta a kan wannan teburin in daɗe ina dubawa, ina neman inda ya yi kuskure. Nakan samu. Hudarsa ba ta tafiya a layi, liƙinsa wani lokaci da ƙazanta. Amma in ka kunna, sai ka ga kamar ta taɓa zama a gidan wani. Na ce a raina kurfin Ammi Ƙasim ne. Wa zai riƙe irin waɗannan ƙarafa bai yi aiki mai kyau ba?

Sannan fanus ɗin roba na ƙasar Sin suka shigo, masu batir, masu waƙa in ka danna. Kasuwar fanus ta lokacin azumi ta mutu a hannunmu. Abin da ya rage mana sai masu tsofaffin gidaje da suka fara waiwayar Balad suna gyara, su kuwa ba su da yawa, kuma duk sun san hanyar shagon Bakur.

Ciwon suga ne ya ci masa ido. A hankali ya fara, yana matso da aiki kusa da hanci, har ya kai ba ya bambance jan gilashi da kore. Ya rufe shago. Na je na duba shi a gida, na kai masa dabino, na yi masa addu'a da zuciya ɗaya, Allah shi ne shaida. Amma a hanyar dawowa na lura da abu ɗaya: yanzu in aka ce fanus a Jidda, suna ɗaya ya rage.

Bara waccan wata dattijuwa da ake kira Ummu Faisal ta shigo nan. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Na nemi Bakur aka ce ba ya gani." Na ce haka ne, Allah ya ba shi lafiya. Ta ce suna gyara gidan kakanninsu a Balad, mai hawa huɗu, roshan tun daga ƙasa har sama, suna son jikoki su taru a yi buɗa-baki a can kamar da. Fanus ɗaya ce ta tsira, ta kakarta. Tana son kowace taga ta samu irinta. Direbanta ya shigo da fitilar. Ban taɓa ganin irin wannan aiki ba. Kusurwa takwas, da ƙubba a sama, hudar jikinta ƙanana kamar saƙar hula. Na ce mata zan yi. Da ta fita na rufe ƙofa na zauna ina kallon fitilar. Shekara talatin da wani abu ina jiran aikin da za a ce na Sani ne.

Na yi nisa da huda bangarorin, wata safiya sai ga tasi ta tsaya, Bakur ya fito da sanda yana lalube. Ya ce zaman gida ya ishe shi, matarsa ta gaji da shi, yana son ya ji ƙarar guduma. Na ba shi kujera. Sai ya zaro wani abu daga cikin riga ya miƙo wajen da yake jin muryata. Jakar fatar ce.

"Yaya Sani, ka yi aiki da su. Ni yanzu me zan yi da su?"

Na wanke hannu kafin in kwance ta. Na jera su a kan tebur, na ɗauki ɗaya na gwada a kan guntun tagulla. Na ɗauki wani. Ƙarafa ne kawai. Wasu bakinsu ya dakushe, ɗaya ma a lanƙwashe. Nawa sun fi su kaifi nesa ba kusa ba.

Na ce, "Bakur, da waɗannan kake aiki duk shekarun nan?"

Ya ce, "La, wallahi. Nauyi gare su. Ajiye su na yi don tunawa da tsoho. Ni da waɗanda ka wasa mini tun farko nake yi, sun fi zama a hannu."

Na tashi na dafa shayi.

Yana shan shayin ya ce in ba shi tsohuwar fitilar ya taɓa. Na ɗora masa a cinya. Ya bi ta da yatsu, waje da ciki, kamar mai karatu. Sannan ya ce in ba shi ɗaya daga cikin nawa. Ya shafa. Ya koma kan tsohuwar, ya cusa yatsa ta ciki ya daɗe.

"Yaya Sani, wanda ya yi wannan bahago ne."

Na ce, "Wane irin bahago? Mutumin da ya mutu tun kafin a haifi ubanka?"

"Taɓa nan. Bakin hudar ta ciki duk ya kwanta gefe ɗaya. Kurfin a karkace yake shiga. Naka a miƙe suke. In ka kunna, hasken tata zai faɗi a bango a kwance, kamar ruwan sama da iska. Naka zai tsaya cak."

Na ja labule, na sa ƙwai a cikin kowacce na kunna. Haka ne. Makonni ina kallon fitilar nan da ido biyu da tabarau, makaho ya zo da yatsa ɗaya ya gani kafin shayinsa ya huce.

Na tattara duk bangarorin da na huda na jefa cikin kwandon narkarwa. Ba zan iya komawa bahago da tsufana ba, sai na sassaƙa katako mai gangare na riƙa ɗora tagullar a kai, kurfi ya shiga a karkace. Na sake komai daga farko. Azumi yana matsowa, Ummu Faisal tana aiko direba yana tambaya, kafaɗata ta kumbura har ba na iya ɗaga hannu in sa riga. Bakur yana zuwa kullum ya zauna a wancan lungun, yana ba ni labarin ƙwallon da ba ya gani. Ko guduma bai taɓa ba. Ko sau ɗaya. Kowace huda da ke jikin fitilun nan, da wannan hannun aka yi ta. Tsufar da su ma ni na yi, na kuma tambayi Ummu Faisal inda kakarta take kamawa in za ta sauke.

Ana gobe azumi muka rataye su. Na tafi da Bakur don ya ce yana son ya ji ƙamshin gidan. Muka hau har hawa na sama, inda iyalin suka taru. Akwai yayan Ummu Faisal, Ammi Abdurra'uf, tsoho tukuf, an hawo da shi a kan kujera. A gidan aka haife shi. Da aka kira magariba na danna makunni. Haske ya fito ta cikin roshan, ja da kore da ruwan zuma, ya zubo a bango da rufi a kwance, duk gefe ɗaya. Tsohuwar tana cikinsu, na rataye ta a tagar tsakiya ban gaya wa kowa ba. Tsohon ya ɗaga kai yana bin bangon da ido. Ya ce, "Haka yake. Wallahi haka yake. A nan nake kwanciya ina ƙirga su har barci ya ɗauke ni." Ummu Faisal ta zagaya tana neman ta kakarta, ta kasa.

Sai idon tsohon ya faɗa kan Bakur, yana zaune a gefe da sandarsa. Ya san shi tun a shagon Ammi Ƙasim. Ya ce, "Masha Allah, ya Bakur! Ido ya tafi, hannu bai tsufa ba."

Bakur ya ce, "La wallahi, ya ammi. Aikin Sani ne, ga shi nan tsaye. Ni ko guduma ban taɓa ba."

Tsohon ya juya wajen ƙanwarsa yana girgiza kai. "Kin ji ko? Mutanen dauri ke nan. Ga gwaninta, ga tawali'u." Sannan ya dube ni, karo na farko tun da na shigo, ya ce, "Kai, ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka riƙe mu'allim da kyau in za ku sauka. Matakalar nan tana da duhu."

Ɗana. Da furfurata.

Na riƙe shi. Matakalar gidajen Balad ƙunci gare ta, ga tsayi, sai mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ina gaba, hannunsa a kan kafaɗata mai ciwo. Ina jin jikinsa yana rawa, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce yake dannewa. Ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, Yaya Sani." Na ce, "Taka a hankali."

Da muka kai hawa na biyu ya ja ni muka tsaya. Dariyar ta tafi. Ya ce, "Gaya mini yadda ya faɗi a bango."

Na gaya masa. Na ce jan ya sauka a kan katakon rufi, koren ya gangaro har kan darduma, ƙananan hudar sun watsu a kwance kamar yadda ya ce. Na ce ba a gane tsohuwar. Yana saurare, kansa a sunkuye. Sannan ya matse mini kafaɗa ya ce, da Hausa tsantsa ba ko kalmar Larabci ɗaya, "Ko lokacin da nake da ido, ban taɓa yin aikin da ya kai wannan ba. Ba ni da haƙurinka."

Na waiga sama, na leƙa ƙasa, ko akwai wanda ya ji. Ba kowa a matakalar sai wata kyanwa tana lasar ƙafa.